Muryar Hedimasta

Ranar Talata da hantsi ƙanena ya shigo shagona da rabin aski a kansa. Gefen dama fes, gefen hagu gashi, ƙyallen mai aski ɗaure a wuyansa. Wannan mutumin da ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai ya duba madubi sau biyu. Ina cikin yankan katako, na tsaya da zarto a ciki.

"Yaya," ya ce, "an sace min murya."

Na ce ya zauna. Bai zauna ba.

Maganar ta fito masa yadda take fitowa shekara biyun nan, da nauyi, harshe na jan ƙafa, rabin kalmomin na narkewa kafin su kai leɓe. Ni na saba, ina gane shi. Baƙo sai ya yi da gaske. Shi kuwa a kunnensa garau yake magana. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa wasu.

"Sabon mai aski ne, bai san halina ba," ya ce. "Yana cikin yi ya kunna talabijin, ana maimaita shirinmu, wai zai faranta min. Aska a kaina, ina zan tashi? Kallo ɗaya na yi na rufe ido. To kunnen fa? Yaya, fuskata ce, rigata ce, amma wani ne ke magana a bakina."

"Ƙila kunnenka ne."

"Kunnena? Shekara arba'in da uku da shi nake cin abinci."

Na zare zarton daga katakon. Na san wanda ke magana a bakinsa. Ni ne.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da Auta, shekara tara tsakaninmu. Ni na gaji shagon kafinta. Shi tun yana ƙarami in an aike shi sayen ƙusa, sai a tarar da shi a bakin hanya yana kwaikwayon tafiyar mai ƙusar, mutane na ta dariya. Na dake shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Da ya kai ashirin ya shiga ƙungiyar masu wasan daɓe. Ya roƙe ni na yi musu ƙofa da taga na ƙarya, waɗanda ba sa kai mutum ko'ina. Na kai, na kafa a dandamali, na tafi kafin a fara. A gaban abokansa na gaya masa sana'ar maƙaryata ce, mutum ya zauna yana kuka ba wanda ya mutu masa.

Bai ji ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a dandamali, gari gari, yana kwana a kan labule in ba masauki. Daga nan ya shiga fim. Ya yi ɗan sanda, ya yi ɓarawo, ya yi likita, ya mutu sau goma sha huɗu, 'yarsa ce ta ƙirga. Sannan gidan talabijin ya ɗauke shi a wani shiri mai dogon zango, a matsayin shugaban makaranta mai faɗa da gaskiya. Shekara goma sha takwas yana wannan, har sunansa na yanka ya ɓace. Direban tasi, ma'aikaciyar asibiti, har matarsa in ta so tsokana, kowa Hedimasta. Ba fuskar ce ta kama mutane ba, fuska ce kamar ta kowa. Muryar ce. In ya ce "Tsaya nan!" a cikin akwatin talabijin, yara a tsakar gida sukan tsaya cak.

Yana da doka ɗaya, ba ya kallon kansa. Wanda ya koya masa wasa ne ya ce masa duk ɗan wasan da ya kalli kansa, gobe kansa zai kwaikwaya. Ya riƙe wannan gam. Babu talabijin a falonsa, tana ɗakin matarsa. In an gayyace shi nuna sabon fim, zai gaisa da jama'a, ana kashe fitila ya fita ya zauna a mota. Duk wanda ke harkar ya san haka. A kan wannan dokar suka ɗora abin da suka yi.

Hawan jini ne ya kayar da shi a wurin ɗaukar shiri. Bayan wata uku ya tashi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, fuska ta miƙe. Harshe bai dawo ba. Ya koma aiki, ya tsaya gaban kyamara ya faɗi nasa, darakta ya ce madalla, kowa ya tafa, sannan suka shiga ɗaki suka dafe kai. Ba mai iya gaya masa. Daraktan ma a hannunsa ya koyi aiki.

'Yarsa da su take aiki, ita ke riƙe takardun wasan. Wata rana ta zo shagona da mai haɗa musu sauti, suna son kanta ta ajiye kaya. Suna tsaye wani direba ya sauke min katako a cikin kwata. Na fita na gaya masa abin da ya dace da shi. Da na dawo na tarar da mai sautin baki sake yana kallon ta, ita tana kallona.

"Baffa," ta ce, "don Allah ce 'Tsaya nan.'"

"Ba ni da lokacin shashanci."

"Wallahi shi ne," in ji mai sautin. "Ko uwar da ta haife su sai ta waiwaya ta duba."

Muryar mahaifinmu ce muka raba mu biyu. Shi ya kai tasa duniya ta ji, ni tawa direbobi ke sha.

Sau uku ta zo tana roƙona in ara wa mahaifinta muryata a shirin, sau uku na kore ta. A na huɗu ba ta roƙe ni ba. Ta zauna a benci ta ce, "Ƙarshen wata za su cire shi. Ka san shi, Baffa. In ya zauna a gida ba zai kai baɗi ba." Ta tashi ta tafi. Ranar Alhamis na sa rigata mai kyau na je.

Ɗaki ne kamar akwati, an manne bangonsa da soso, ba taga sai gilashi ɗaya da mai sautin ke zama a bayansa. Su sa min abu a kunne, su nuna min fuskar Auta a allo, bakinsa na motsi ba sauti. 'Yarsa ta karanta min maganar, in maimaita, in sa ta zauna daidai cikin bakinsa kamar yadda ake zaunar da ƙofa a gurbinta. Ranar farko magana ɗaya na yi sau talatin da wani abu. Na cire abin kunnen na ce su nemi wani. Babu wani. Sai da na yi wata biyu na gane kan aikin. Ba baki ake kallo ba, kafaɗa ake kallo, don a nan numfashi ke fara nunawa. Bayan nan sau biyu, sau uku, an wuce. Kowace Alhamis da rana. A gida na ce ina da aikin kujeru a wani ofis. Ni da ban taɓa kallon wasansa ko na minti biyar ba, sai ga shi na haddace kowane motsin girarsa.

To ga shi yanzu a gabana da ƙyalle a wuya.

"Ta yaya ka tabbata ba kai ba ne?" na ce.

"Wurin da Hedimasta ke korar malamin lissafi ne. Na tuna ranar da muka ɗauka. Na ce, 'Ka ci amanar yaran nan. Fita.' Ni a hankali na ce fita, kamar ina jin kunya a madadinsa. Wannan tsawa ya daka, kamar mai korar akuya daga lambu. Ko waye, bai san wasa ba. Murya kawai gare shi."

Na tuna wurin. Darakta har tafa min ya yi ta bayan gilashi.

"Tashi mu je," ya ce. "Kai ne babba. Ka tsaya a bayana kawai, kada in yi abin kunya."

Bai taɓa cewa in bi shi wurin aikinsa ba sai ranar. Na kwance masa ƙyallen, na ba shi hulata ya rufe kan. Na kulle shago.

A tasi direban ya gane shi ta madubi.

"A'a! Hedimasta da kansa! Ranka ya daɗe, matata ta ce tun da ka warke muryar nan ta ƙara kauri. Wane magani ka sha ne, in nemo wa surukina? Shi ko ƙuda ba ya jin tsoron tasa."

Auta ya juya fuska waje. Ni na kalli gwiwata har muka isa.

Mai gadi ya miƙe ya gaishe shi, sannan ya gan ni.

"Baba kafinta! Yau ai Talata ce. An canza maka rana ne?"

Auta ya waiwayo. "Ka san nan?"

"Na yi musu kanta," na ce.

Gaskiya ce, na yi musu. Ya gyaɗa kai ya wuce. Gaskiya ba ta taɓa yi min ɗaci a baki irin na ranar ba.

A ɗakin sauti muka same su, darakta da mai sautin da 'yarsa. Da ta gan mu tare, takardun hannunta suka zube.

"Baba, lafiya? Me ya kawo ku?"

Bai kalle ta ba. Ya nuna mai sautin da yatsa. "Kai, sa min korar malamin lissafi. Ba wanda kuka nuna wa duniya ba. Wanda na yi da bakina."

"Malam, ka zauna tukuna a kawo ruwa," in ji darakta.

"Ni na koya maka inda ake tsayawa a gaban kyamara. Kada ka koya min inda zan zauna."

Mai sautin ya kalli darakta. Darakta ya kalli ƙasa. Mai sautin ya danna.

Maganar ta fito daga manyan lasifiku biyu. Ba a jin amana, ba a jin yara, kamar mutum na magana da abinci mai zafi cike da bakinsa. Kullum ina jin wannan muryar, amma a kusa, da ido da hannu suna taimaka mata. A lasifika ita kaɗai, ni kaina ban gane abin da yake cewa ba.

Auta ya yi murmushi. "Na'urarka ta lalace."

"Lafiyarta lau, Malam."

"Sa wani wurin."

Ya sa. Ya ce a sa wani, aka sa. A na huɗu ya kai hannu bakinsa yana shafa leɓensa kamar ba nasa ba.

"Haka nake magana?"



Ya juya ga 'yarsa. "Haka nake magana da ke a gida? Da mahaifiyarki? Da mutane a titi?" Ta toshe baki ta fashe da kuka. "Shekara biyu? Kuna ce min to, kuna gyaɗa kai?"

Ya zauna a hannun kujera. Hular ta zame ta faɗi, rabin askin ya fito fili. Ba wanda ya yi dariya. 

"Waye?" ya ce.

"Wani ne, Malam," in ji darakta. "Ba ka san shi ba. Daga nesa yake turo mana."

"Ƙarya kake. Na san shi. Dogon nan ne mai fitowa a masinja, wanda ke kwaikwayona a wurin cin abinci yana zaton ban sani ba. Ni na kawo shi gidan nan da hannuna. Yau ɗin nan zan je ƙungiyar 'yan wasa. In ya sake tsayawa gaban kyamara, to ban san kowa a harkar nan ba."

Darakta ya kawar da kai, ya bar zargin a kan dogon. Na san dogon. Yana da mata da 'ya'ya uku, duk Alhamis shi ke riƙe min ƙofa.

Na ce, "Ka ci amanar yaran nan. Fita!"

Yadda na faɗe shi a akwatin soso haka na faɗe shi, da tsawar da komai. Ɗakin ya ɗauka.

Bai juyo nan take ba. Ina bayansa, na ga kafaɗar ta ɗaga, ta tsaya a sama, ta ƙi sauka. Sannan ya juyo a hankali. Ba idona ya kalla ba, bakina ya kalla.

"Sake."

"Ba zan sake ba. Ka ji."

"Kai?"

"Ni."

"Kai da ka ce sana'ar maƙaryata ce?"

"Har yanzu ban canza magana ba."

"Kashi nawa?"

"Baba, ni na roƙe shi," in ji 'yarsa. "Sau uku yana kora ta, ni na..."

"Ba ke na tambaya ba."

"Tamanin da shida," na ce.

"Har ranar da Hedimasta ya binne matarsa?"

"Har ita."

"Mutane sun tare ni a kasuwa a kan wannan suna hawaye. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce muryata ta hana ta cin abinci ranar. Na ce mata na gode." Ya yi wata dariya mara daɗin ji. "Na gode na ce mata, Yaya."

"Fuskar taka ce. Ni bin ta kawai na yi."

"Yi min shiru da muryata."

Na yi shiru. Tun da aka haife shi bai taɓa ce min in yi shiru ba.

Ya miƙe ya ce a buɗe masa akwatin. Ya shiga, ya sa abin kunnen da kansa, ya gyara tsayin abin magana ba tare da an nuna masa ba. Ya ɗaga wa mai sautin yatsa. Fuskarsa ta fito a allo, ya faɗi maganar. Ya ce a juyo masa ya ji. Aka juyo. Ya sake. Muna tsaye ta bayan gilashi muna kallo. Ya rage sauri. Ya riƙe haɓarsa da hannu. Ya rarraba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, fuskar allon ta gama ta bar shi a baya. A na tara "amanar" ta kusa fita daidai, "yaran" ta karye. Zufa ta jiƙa masa gefen da aka aske. Darakta ya kasa tsayawa, ya fita baranda. Mai sautin kuwa duk sanda aka ɗaga masa yatsa sai ya danna.

A na goma sha ɗaya ya buɗe baki bai ce komai ba. Ya tsaya yana kallon mutumin allon har ya gama motsa baki. Ban sani ba ko ya taɓa kallon fuskar nan tana aiki kafin ranar. Ya cire abin kunnen ya rataye shi a mazauninsa, ya fito.

Ya sa aka kira darakta.

"Gobe kada ka aiko mota. Ka ce Hedimasta ya yi ritaya, ko ka kashe shi, na saba. Dogon nan kuma kada wanda ya gaya masa abin da na faɗa."

"Malam, don Allah, za mu iya..."

"Kun riga kun iya."

Ya zo gabana. "Kai ma kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

"Da ma ba don sha'awa nake zuwa ba."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi min ciwo. Ba ka ma so, ka iya."

Ya fita kai ba hula. Ya tari tasi shi kaɗai. Na ɗauki hulata a ƙasa na koma shago a ƙafa.

Kwana ashirin da uku ban gan shi ba. 'Yarsa ta ce ya rufe kansa a falo, ba ya magana da kowa, in yana son ruwa sai ya nuna da hannu. Na je sau biyu. Matarsa ta ce yana barci, ina jin tarinsa ta taga. Abin da 'yarsa ta ji tsoro tun farko shi na zauna ina jira. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in bar ta ta yi sau uku kafin in ɗauka.

Rana ta ashirin da huɗu na zo buɗe shago na tarar da shi a bencin waje. Ya rame, riga ta yi masa yawa. Na buɗe, ya biyo ni ciki. Ina da tebur da zan haɗa, ba mai riƙe min ƙafarsa. Ya tsaya ya kalle ni ina fama, sannan ya zo ya riƙe.

Wata huɗu ke nan. Kullum yana zuwa, sai ranar da zai ga likita. Yana cin abinci. Magana kaɗan yake yi, da ni kaɗai, in ba kowa a shagon. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban nema ba.

Jiya wata mata ta shigo neman teburin ɗinki. Ta gan shi riƙe da gwangwanin gam, ta dafe ƙirji.

"Hedimasta! Ashe kana nan da ranka! Wallahi tun da aka cire ka muka daina kallon shirin. Don Allah ce wani abu in ji, in je in ba da labari a gida."

Ya sunkuyar da kai yana juya gam ɗin.

Ta juyo gare ni. "Baba, ba ya jin daɗi ne?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tuna abin da za ta ji. Na rufe. Na nuna mata teburan da hannu. Ta tsaya tana kallon mu, ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta gyara jakarta ta fita ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ya jira har ta tsallaka titi. Sannan ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ka kori mai saye."

Na ce, "Kai ka fara."